Wai har zuciya ake bugawa da inji, to me ya hana a yi wa Baba jijiyar ƙafa?

Maman Ridwan: Assalamu alaikum mutanen gida, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Waɗanda suka san gidanmu a Aboabo ta Kumasi sun san Babanmu ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga. Bayan ƙaramar Sallah sabon takalmi ya ci shi a ƙasan babban yatsa, muka ɗauka ɗan abu ne, yanzu ya zama gyambo. Duk bayan kwana biyu ana wankewa, ya ƙi haɗewa. Likita ya ce jini ba ya isa wurin, in abin bai juya ba sai an cire yatsan. To jiya a gidan awure wata mata ta nuna mini bidiyo a wayarta, wai Turawa sun buga zuciyar mutum da inji, da jijiyoyinta da komai. Ita kuma tana sayar da wani gari da ake zubawa ƙarƙashin harshe, sitem sel take ce masa, wai ƙwayoyin halitta ne a ciki, yana tsirar da sababbin jijiyoyi. Kwali biyu sidi 1,800. Ban ba ta ko sisi ba tukuna. Wanda ya san gaskiyar abin nan ya taimake ni don Allah.

Hajiya Mai Waakye: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne. Riƙe kuɗinki tukuna 'yata. Ina Rabi? Ba wannan karatun ne ya kai ta ƙasar sanyi ba?

Nasiru Sawaba: Ni dai wata biyu ina shan garin nan, kuma wallahi na ji ƙarfi a jikina. Kada a zo a kushe abin da ba a gwada ba.

Rabi 'Yar Asawase: Ga ni Hajiya, fitowata ke nan daga ɗakin gwaji. Yaya sannu, Allah ya ba Baba sauƙi. Bidiyon nan, wani ɗan abu ne ja-ja cikin ƙaramin akwati mai ruwa, an riƙe shi da safar hannu?

Maman Ridwan: Shi ne, wallahi shi ne.

Rabi 'Yar Asawase: To na gane shi. Jami'ar Tel Aviv ce ta nuna shi a watan Afrilun 2019. Aiki ne na gaske, amma zuciyar ba ta kai goro ɗaya girma ba, ba ta iya tura jini ba, kuma ba a saka ta a ƙirjin kowa ba. Har yau babu ɗan Adam da yake yawo da zuciya ko ƙoda ko hanta da inji ya buga. Kuma abin da ya tare hanyar shi ne dai abin da ke damun ƙafar Baba, wato yadda jini zai kai ko'ina.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana buƙatar iskar oksijin, jini ne ke kai mata. Idan jini ya sauke iskar, ita kaɗai ba ta iya ratsa nama fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Kaurin takarda biyu ke nan. Duk ƙwayar da ta fi haka nisa da jijiya, rashin iska zai kashe ta. Shi ya sa Allah ya cika jiki da wasu ƙananan jijiyoyi da ido ba ya gani, sun fi gashin kai siranta kusan sau goma, har ƙwayoyin jini sai sun bi layi ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce. A naman zuciya, wuri mai tsawon milimita ɗaya da faɗin milimita ɗaya, za ki ƙirga irinsu sama da 2,000.

Ni aikina ke nan kullum. Raya ƙwayoyi a faranti ba wuya in dai a shimfiɗe suke. Amma da na cura su suka zama dunƙule, ko bai kai ƙwayar gero ba, bayan 'yan kwanaki in na yanka na duba a madubin ƙara girma, na gefe suna nan lafiya lau, na tsakiya sun mutu. Bara wata bakwai na yi ina jana'izar irinsu.

Baba Sarkin Fawa: Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. Shekara arba'in ina fawa. Ka yanka hanta, ko'ina jini, ita kam kamar jinin ne ya daskare. Ƙoda haka, huhu haka. Amma guringuntsi, na kunne ko na ƙirji, fari fat, ba ɗigo ko ɗaya. Na daɗe ina mamakin me yake ci.

Rabi 'Yar Asawase: Baba ai da kai za ka zo ka ɗauke mu darasi. Guringuntsi ƙwayoyinsa kaɗan ne kuma ba su da ci, abin da ya tsattsafo daga gefe ya ishe su. Saboda haka duk abin da aka fara cin nasara a kansa a fagen nan, ko dai siriri ne ko mara jijiya. Fatar sama, fatar nan mai haske ta gaban baƙin ido, guringuntsi. Kun tuna hoton ɓeran nan mai kunnen mutum a gadon baya? Na 1997 ne, kuma ba kunnen mutum ba ne, ƙwayoyin guringuntsin saniya ne aka zuba a wani abu mai siffar kunne aka cusa ƙarƙashin fatar ɓeran. A 2006 kuma Anthony Atala ya ba da rahoton yara da matasa bakwai da aka ƙara musu mafitsara da aka raya daga ƙwayoyin jikinsu. Mafitsara jaka ce mara kauri, duk da haka a wasu sai da aka naɗe ta da kitsen nan da ke lulluɓe hanji, don ya ara mata jijiyoyinsa.

Baba Sarkin Fawa: Wannan kitsen mun san shi, da shi ake naɗe hanta a gasa. Ashe a ciki ma yana da rana.

Issaka Mai Famfo: In na fahimta, matsalar irin tamu ce. Ruwa ya taso daga madatsar Barekese, babban bututu ya bi bakin titi ya wuce. Amma gidan da ke can ƙuryar lungu bai san ana yi ba sai an ja masa ƙaramin bututu, a fasa nan, a lanƙwasa can, a roƙi maƙwabci a bi ta gindin katangarsa. Kuɗin da wahalar duk a lungu suke.

Rabi 'Yar Asawase: Haka yake Yaya Issaka, sai dai a jiki kowane ɗaki ne ke son famfonsa, kuma kowane famfo yana son magudanar da za ta mai da ruwan baya. Sannan in ka buɗe ruwa ranar farko dole duk su yi aiki tare, don naman zuciya ko na ƙoda ba ya jiran mako biyu a zo a haɗa masa. Ƙoda ɗaya tana da matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da nata ƙullin jijiyoyi, kuma ƙodoji biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk jinin da zuciya ke turawa. Titi mun fara iyawa. Lungu ne ya gagare mu.

Hajiya Mai Waakye: To ku da kuke can me kuke yi a kai? Ko zaman jana'izar kawai?

Rabi 'Yar Asawase: Hajiya kin kashe ni da dariya. Dabaru suna da yawa. Wasu suka ce tunda ba mu iya gina lungu ba, mu ari tsohon gida. A 2008 a Jami'ar Minnesota, Doris Taylor da abokan aikinta suka ɗauki zuciyar ɓera suka yi ta tura mata ruwan sabulu ta jijiya har duk ƙwayoyin suka wanke, ya rage farin ƙwarangwal da hanyoyin jini a buɗe. Suka zuba sababbin ƙwayoyi, a kwana na takwas ta fara tura ruwa, amma ƙarfinta kashi 2 cikin 100 ne na zuciyar babban ɓera. A 2017 kuma wasu a Worcester ta jihar Massachusetts suka yi wa ganyen alayyahun Turawa irin wannan wankin, suka ɗora ƙwayoyin zuciyar mutum a kai, suka yi mako uku suna bugawa.

Hajiya Mai Waakye: Ganye kuma? La haula. Ku zo kasuwar Kejetia in tara muku kontomire, ganyen gwaza, buhu-buhu.

Rabi 'Yar Asawase: Jijiyoyin ganye ne suka ja hankalinsu Hajiya, ki ɗaga shi a rana ki ga yadda suke rarrabuwa. Aibinsa, hanyar shiga ce kawai, ba ta dawowa. Tsohon gidan ma yana da nasa aibin. Cikin kowace jijiya akwai wata shimfiɗa ta ƙwayoyi masu santsi, ita ke hana jini daskarewa. Sabulu yana wanke ta. In ba ka mayar da ita ko'ina ba, duk inda jini ya taɓa bango tsirara sai ya yi gudaji ya toshe.

Wasu kuma suka ce a yi ramin da kanmu. A 2012 a Jami'ar Pennsylvania, Jordan Miller ya buga raga ta suga mai tauri kamar alewa, ya zuba ƙwayoyi cikin wani abu mai kama da kunun da ya daskare a kewaye da ita, sannan ya tura ruwa sugan ya narke. Inda sugan yake ya zama hanya.

Abdul Na Tek: Anti Rabi wannan ai aikin maƙeran Krofofrom ne! An kai mu can muna aji biyu. Su ƙera siffar da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya narke ya fita, sai su zuba tagulla a gurbin. Tun zamanin ma'aunin zinariyar Asante suke yi.

Rabi 'Yar Asawase: Daidai ƙanina, dabara ɗaya ce. Ɗakin gwajin Jennifer Lewis a Harvard sun kai ta gaba, a 2016 suka riƙe nama mai kaurin fiye da santimita ɗaya a raye har mako shida da famfo yana tura masa abinci. Ka ga yadda abin yake da wuya: hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta sa gasa a 2016, duk wanda ya raya naman gaɓa mai kaurin santimita ɗaya ya yi kwana 30 yana aiki zai ci kuɗi. Sai 2021 aka ci, ƙungiyoyi biyu duk daga Wake Forest, da naman hanta, ta farko ta tafi da dala 300,000. Shekara biyar a kan abin da bai kai tsoka ɗaya ta tsiren Baba Sarkin Fawa ba. Kuma hanyoyin da inji ke bugawa har yanzu sun fi ƙananan jijiyoyin gaske kauri nesa ba kusa ba. Na ƙarshen dole a lallaɓa ƙwayoyin su tsiro da su da kansu.

Nasiru Sawaba: Yauwa, kin zo wajen. Kin ce a lallaɓa su tsiro. To garin nan abin da yake yi ke nan.

Rabi 'Yar Asawase: Yaya Nasiru ban ƙaryata ka a kan jin ƙarfi ba, jikinka ne. Amma juya kwalin ka karanta mana abin da ke ciki. Yawancin irinsu daga tuffa da inabi ake yi. Ƙwayar halitta mai rai, ni da nake kiwonta, sai na ajiye ta a zafin digiri 37, ina canja mata ruwan abinci duk bayan kwana biyu, in na yi sakaci ta mutu. Ta yaya za ta zama busasshen gari, ta yi wata da watanni a jakar hannu cikin zafin Kumasi, ta bi ta baki, sannan ta nemo yatsan Baba? Ko da tana raye, ƙwayar tuffa ba ta zama jijiyar mutum.

Nasiru Sawaba: An rubuta tuffa da inabi, gaskiya ne. Amma akwai lambar hukuma a jiki.

Anti Fati Nas: Lambar rajistar ƙarin abinci daban, shaidar cewa abu yana warkar da cuta daban Nasiru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu garin nan gidan mara lafiya suke nema.

Maman Ridwan, ni maganata ta wannan makon ce. A ƙafar mai suga abu uku ke haɗuwa. Jijiyoyin ji sun mutu, ba ya jin zafi sai ya yi ta taka ciwon. Manyan hanyoyin jini na ƙwauri sun tsuke. Ƙananan ma sun lalace. Ki tambayi likita ko an duba gudun jinin ƙafar da na'urar dofla, an kwatanta hawan jinin idon sawu da na hannu. In babbar hanya ce ta toshe, akwai abin yi tun kafin a kai ga yanka, ko a buɗe ta da ɗan balan-balan, ko a ciro wata jijiya daga ƙafarsa a kewaye wurin da ya toshe. Ki roƙa a tura ku wajen likitan tiyatar jijiyoyin jini, ki tambaya a Gee, wato asibitin Komfo Anokye. Sannan a tsare sugan, in yana shan taba ya bari, ba gasa ƙafa a ruwan zafi, ba zuba toka ko dakakken ganye. Kuma a hana shi takawa. Na san tsofaffinmu, sai ya ce jam'i biyar ba za ta wuce shi ba.

Maman Ridwan: Anti kamar kina gidan. Da asuba ma sai da ya saci hanya ya tafi da silifas.

Malam Sani: Ki gaya wa Alhaji na gaishe shi, kuma ki ce na ce rashin lafiya uzuri ne na barin jam'i. Alwala kuwa ya shafa a kan bandejin, ba sai ya jiƙa ciwon ba, wannan sananne ne a littattafan fiƙihunmu. Gobe bayan La'asar zan shigo in faɗa masa da bakina.

Anti Fati Nas: Allah ya saka Malam. Abin da Rabi ke faɗa kuwa kullum muna ganinsa wajen masu ƙuna. Ana yanko fata siririya daga cinya a shimfiɗa a kan ciwon. Kwana biyun farko ba ta da jijiya, ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa take tsotsa. Daga nan jijiyoyin ƙasa su fara haɗuwa da nata. Wajen kwana biyar in aka buɗe aka ga ta yi ja-ja, ta kama. In ƙasan ba jini, ko ƙashi ne tsirara, baƙi take yi ta ɓare. Dashen tumatir ne a kan siminti. Shi ya sa ko fatar da Turawa ke rayawa a ɗakin gwaji aka kawo wa Alhaji yau, sai an fara gyara hanyar jinin.

Abdul Na Tek: Anti Rabi, an koya mana akwai sinadarin da jiki ke saki don jijiyoyi su tsiro. Me zai hana a yi allurarsa a ƙafar kawai?

Rabi 'Yar Asawase: Tambayar da ta cinye kuɗi mai yawa ke nan. Labarin daga ciwon daji ya faro. A 1971 wani likitan tiyata a Boston, Judah Folkman, ya ce ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, don haka in aka hana shi jawowa za a kashe shi da yunwa. Shekaru aka yi ana masa kallon mai tatsuniya. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware sinadarin da ake kira VEGF, a 2004 aka amince da maganin Avastin mai toshe shi. Yadda ƙwaya ke gane iska ta yi ƙaranci har ta saki wannan kiran, shi ne aikin da ya ci kyautar Nobel ta 2019, Kaelin da Ratcliffe da Semenza.

Sai mutane suka ce to a juya, a ba masu toshewar ƙafa sinadarin. An gwada a manyan gwaje-gwaje, sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba. In ka zuba shi da yawa jijiyoyi suna tsirowa, amma a hargitse, masu yoyo, irin na cikin ƙari. Sabuwar jijiya tana son wasu ƙwayoyi su rungume ta ta waje su ƙarfafa ta, kuma tana son jini ya riƙa bi ta ciki, in ba haka ba sai ta janye ta ɓace. Wani abin mamaki, mai suga ɗaya, a ƙafarsa jijiyoyi sun yi kaɗan, a bayan idonsa kuma marasa kyau na tsirowa su zubar da jini, har allurar toshe VEGF ake yi masa a ido. Yaya, in an daɗe ba a duba idon Baba ba a haɗa da shi.

Kwamared Yakubu: Na yi shiru ina karantawa, amma hirar nan haushi take ba ni. Maƙwabcina wankin ƙoda yake yi. Sau uku aka ce masa a mako, sau ɗaya yake iyawa, shi ma sai an yi karo-karo a masallaci ranar Juma'a. Tun 2008 aka fara dashen ƙoda a asibitin Korle Bu da ke Accra, mutum nawa a zango suka taɓa samu? Mu muna neman kuɗin bandeji, ana ba mu labarin alewa da ganyen alayyahu a Amurka. 'Ya'yanmu masu ƙwaƙwalwa sun tafi suna yi wa masu kuɗi aikin da jikokinmu ma ba za su gani ba.

Hajiya Mai Waakye: Kai Yakubu, yarinyar taimako take yi.

Rabi 'Yar Asawase: Ƙyale shi Hajiya, maganarsa tana da ƙafa, ni ma tana hana ni barci wani lokaci. Kawu Yakubu, ƙodar inji ba zan yi maka alkawarinta ba, ba na zaton maƙwabcinka zai gan ta. Amma bututun ya fara fitowa. A watan Disamban 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata jijiya da kamfanin Humacyte ke rayawa. Ƙwayoyin mutum suke shukawa a kan raga mai narkewa, su yi kusan wata biyu suna gina bututu mai faɗin milimita 6, sannan a wanke ƙwayoyin a ajiye bututun a firji. An yi amfani da shi a kan waɗanda suka ji rauni a yaƙin Yukiren. An amince da shi ne don raunin hannu da ƙafa, kuma an gwada shi a hannun masu wankin ƙoda, waɗanda jijiyarsu ke mutuwa saboda yawan sukar allura. Bututun roba in ya yi siriri toshewa yake yi, ƙwayoyin cuta kuma suna son sa. Kuɗin da aka sa masa da farko kuwa kusan dala dubu 30 ne guda ɗaya. Ka ga na ba ka gaskiya da hannuna.

Kwamared Yakubu: Dala dubu 30. Na gode da kika faɗa da kanki.

Rabi 'Yar Asawase: Amma akwai ɓangaren da namu ne. Sikila cuta ce ta ƙananan jijiyoyi, a nan ƙwayoyin jini ke lanƙwashewa su maƙale, daga nan ciwon ƙashi da gyambon idon sawu. A Ghana kusan jarirai 2 cikin 100 da ita ake haifarsu, kuma a Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Yanzu ana iya yin 'yan hanyoyi a kan ɗan faranti, a shimfiɗa musu ƙwayoyin cikin jijiya, a tura ɗigon jinin mara lafiya a kalli inda yake toshewa da maganin da ke sake shi. Wannan ba ya neman dukiyar Ƙaruna. A Tek, jami'ar kimiyya ta Kumasi, ko cibiyar bincike ta Noguchi da ke Accra za a iya, marasa lafiyan ma a nan suke. Abin da nake so in dawo da shi ke nan.

Abdul Na Tek: Sai dai ki taho da janareto Anti. Ɗauke wuta na dare ɗaya ya isa ya yi miki jana'izar gaba ɗaya.

Kwamared Yakubu: In kin dawo mu gani. Da yawa sun faɗa.

Anti Fati Nas: Ni gara su yi a hankali. Rabi, ba akwai likitan da ya yi gaggawa ya kashe mutane ba?

Rabi 'Yar Asawase: Paolo Macchiarini, a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin. Daga 2011 ya riƙa saka wa mutane maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargonsu, jaridun duniya suka yi ta yabo. Roba ba ta da jijiyar jini, ƙwayoyin ba su da abin rayuwa, abin ya riƙa ruɓewa a ƙirji. Mutum ukun da ya yi wa a can duk sun rasu. A 2023 kotu ta yanke masa shekara biyu da rabi. Shi ma da kalmar sitem sel ya yi tashe.

Malam Sani: Inna lillahi. Ina da tambaya 'yata. Wannan abu mai kama da kunu da kike zuba ƙwayoyin a ciki, da me ake yinsa? Su kuma ƙwayoyin na wane ne?

Rabi 'Yar Asawase: Malam sau da yawa jelatin ne ko kolajin, daga fatar dabba. Akwai na alade, akwai na saniya, akwai na kifi. Ƙwayoyin cikin jijiya da muka fi amfani da su kuwa daga igiyar cibiyar jarirai ake samowa, da izinin uwa. Akwai kuma hanyar da Shinya Yamanaka na Japan ya buɗe a 2006 da 2007, a ɗauki ƙwayar fatar babban mutum a mai da ita kamar ta farkon halitta, daga nan a juya ta ta zama ta jijiya. Wannan ba ruwanta da ɗan tayi.

Hajiya Mai Waakye: Cibiya? Mu da muke wanke mabiyiya mu binne a bayan ɗaki. Ni kam da ba zan bayar ba.

Malam Sani: Hakkinki ne Hajiya, ba mai tilasta miki. Batun alade, malamai sun yi magana a kan larura da kuma abin da ya sauya daga asalinsa, kuma akwai saɓani. Tunda na saniya da na kifi suna nan, ni na fi natsuwa da su. Ba zan yanke hukunci a waya ba, sai na zauna da manya.

Rabi 'Yar Asawase: Malam wani abu da zai burge ka. A cikin mahaifa, kafin ido, kafin hannu, zuciya da jijiyoyi ne ke fara aiki. Wajen kwana 22 zuciyar ta fara bugawa, daidai lokacin da ɗan tayin ya fara girman da tsotsa daga gefe ba za ta ishe shi ba. A can nama da jijiya tare suke girma. Mu kuma muna gina gidan ne sannan mu dawo neman inda za mu bi da famfo.

Issaka Mai Famfo: Halin masu gidajen Aboabo ke nan sak. Sai an gama filasta a kira ni.

Malam Sani: Fatabarakallahu ahsanul khaliƙin.

Nasiru Sawaba: Ni dai saura kwali ɗaya, na riga na biya, sai na shanye.

Maman Ridwan: Matar ta sake kira yanzu, wai ta rage zuwa 1,200 saboda Alhaji dattijo ne. Na ce mata mun gode. Anti Fati na rubuta tambayoyin a takarda, dofla, likitan jijiya, da ido. Alhamis ne ranar komawarmu. Damuwata yadda za mu fito da shi ba tare da ya taka ba, lungunmu mota ba ta shiga, firagiya mai taya uku ma a bakin masallaci take tsayawa.

Baba Sarkin Fawa: Akwai keken guragu na marigayiya Innarku a ɗakina, taya ɗaya ce ke buƙatar iska. Abdul ya zo ya ɗauka Laraba da yamma.

Issaka Mai Famfo: Ni da Abdul za mu turo shi zuwa bakin titi. Ƙarfe nawa?

Maman Ridwan: Biyar da rabi, bayan an fito Asuba, kafin layin kati ya yi tsawo.